Ɗaliban digiri na biyu a fannin kasuwanci masu ba da shawara kan kare muhalli

Wannan wani tsari ne da makarantun koyon kasuwanci na jami'o'i suke bi, inda ake ɗaukar ɗaliban digiri na biyu, yawanci 'yan MBA, wato masu digiri na biyu kan gudanar da kasuwanci, a haɗa su da wani kamfani ko hukuma ko ƙungiya mai zaman kanta, su je su duba yadda wurin yake shan wuta da ruwa da mai, da irin sharar da yake tarawa da hayaƙin da yake saki sama, sannan su dawo su rubuta shawarar yadda za a rage ɓarnar ba tare da an taɓa ribar masu wurin ba. Galibi su uku zuwa shida ne a rukuni ɗaya, da malami mai sa musu ido, aikin kuma yakan ɗauki zangon karatu guda ko hutun bazara. Ɗalibi ya samu maki da gogewa, kamfani ya samu aikin da in da ƙwararru ya ɗauko da sai ya ji a aljihunsa.

Asalin abin

Tushen maganar yana komawa 1987, lokacin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norwe ya fitar da rahotonsa, wanda ya bayyana ci gaba mai ɗorewa da cewa shi ne mutanen yau su biya buƙatarsu ba tare da sun tauye na baya masu zuwa ba. A 1994 John Elkington ɗan Ingila ya zo da ra'ayin cewa kamfani ya riƙa auna kansa da abu uku, riba da mutane da muhalli, ba riba kaɗai ba.

Abin da yake burgewa shi ne ɗaliban da kansu suna cikin waɗanda suka fara turo abin. A 1993 wasu 'yan MBA a Amurka suka kafa ƙungiyar da daga baya, a 1999, ta koma Net Impact, mai neman a yi kasuwanci da kula da al'umma da muhalli, yanzu kuma tana da rassa a jami'o'i da yawa. Jami'ar Mishigan ta buɗe cibiyar Erb a 1996, inda ɗalibi yake haɗa digirin kasuwanci da na muhalli lokaci ɗaya. Makarantar kasuwanci ta Sloan a jami'ar MIT ta Amurka tana da kwas da ake kira S-Lab wanda kusan dukkansa aiki ne da kamfanoni na gaske. A 2007 aka ƙaddamar da PRME ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wato ƙa'idojin da makarantun kasuwanci suke sa hannu cewa za su shigar da wannan tunani cikin koyarwarsu, sai kuma 2008 da ƙungiyar kare muhalli ta EDF a Amurka ta fara shirin Climate Corps, tana horar da ɗalibai ta tura su kamfanoni su yi wajen mako 10 zuwa 12 suna farautar inda makamashi yake zurarewa a banza.

Yadda aikin yake tafiya

Farkon abu shi ne a zauna da masu wurin a yanke me ake so takamaimai, don in ba a yi haka ba ɗalibai za su kama ko'ina su ƙare ba su riƙe komai ba. Daga nan sai tattara bayanai, kuma nan ne wahalar take, domin takardun kuɗin wuta suna ofishin akanta, bayanin man motoci yana wajen masu sufuri, na shara ma wani lokaci babu wanda ya taɓa rubutawa, toh sai ka ga rabin lokacin ya tafi a bin mutane da imel da waya ana roƙon su turo alƙaluma.

Wajen lissafin hayaƙi mai ɗumama yanayi, ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne GHG Protocol, wanda cibiyar binciken muhalli ta WRI da majalisar manyan kamfanoni ta WBCSD suka fitar da shi ga kamfanoni a 2001. Ya raba hayaƙi kashi uku. Na ɗaya wanda kamfani yake fitarwa da kansa, daga janareto da motoci da injina. Na biyu na wutar da yake saya. Na uku kuwa shi ne komai da ke gaba da bayansa, tun daga masu kawo masa kaya har zuwa yadda mai saye zai yi amfani da kayan ya yar, kuma a kamfanoni da yawa wannan na ukun shi ne mafi girma, shi ne kuma mafi wuyar ƙirgawa. Akwai ISO 14001 na tsarin kula da muhalli da ya fito a 1996, da ƙa'idojin GRI na rubuta rahoton tasirin kamfani ga muhalli da jama'a, su ma ɗalibai suna jingina da su.

Inda ɗan kasuwanci ya bambanta da masanin muhalli shi ne harshen da yake magana da shi. Masanin muhalli zai ce a canza ƙwayayen wuta zuwa LED saboda suna rage shan wuta da kashi 75 cikin 100 ko fiye idan aka kwatanta da tsofaffin ƙwayaye masu zafi, gaskiya ne, amma manajan kuɗi abin da yake son ji shi ne yaushe kuɗina za su dawo. Ɗan MBA sai ya ɗauko kalkuleta ya nuna masa, misali in abin da za a kashe ya ninka abin da za a riƙa ragewa a shekara sau biyu, to cikin shekara 2 an mayar da uwar kuɗi, sauran duk riba ce. A ganina wannan fassarar ita ce ainihin amfanin tsarin, don shawara mai kyau da yawa ta mutu a kan tebur ne kawai saboda ba a faɗe ta da yaren masu sa hannu a cak ba.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce ɗalibai baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne. Zango ya ƙare, sun gabatar da rahoto an tafa musu, sun kama gabansu, in babu wani a cikin ma'aikata da aka ɗora wa alhakin aiwatarwa kuma aka ware masa kasafi, rahoton durowa zai shiga ya kwanta, kuma wannan abin takaici ne ƙwarai idan ka tuna irin dararen da aka kwana ba barci a kansa. Shi ya sa shirye-shiryen da suka san abin da suke yi ba sa karɓar kamfani sai ya ba da mutum ɗaya mai faɗa a ji wanda zai tsaya wa aikin.

Akwai kuma ƙarancin ilimin fasaha, wanda ya karanci harkar kuɗi ba lallai ya san yadda na'urar sanyaya babban gini take aiki ba, don haka ake cakuɗa rukunin da ɗaliban injiniya ko na kimiyyar muhalli. Sannan wasu kamfanonin suna neman ɗalibai ne don a gani a ce suna kula da muhalli, alhali ainihin abin da yake gurɓata wurin ba a bar su sun leƙa ba, kuma da yake yawanci sai an sa ɗalibai sun sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri kafin a ba su bayanai, ko sun ga abin da bai dace ba sai dai su kai wa malaminsu.

Tun bayan yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da aka amince da su a wannan shekarar, irin aikin da ake ba ɗaliban ya faɗaɗa, daga canza ƙwan wuta da rage takarda zuwa tsara yadda kamfani zai rage hayaƙinsa na shekaru masu zuwa, da duba masu kawo masa kaya, da shirya rahoton da masu zuba jari suke tambaya.