Zikirin Juma'a a ɗariƙar Tijjaniyya

Zikirin Juma'a, wanda ake kira hailala, maimaita kalmar "La'ilaha illallah" ne cikin jama'a bayan La'asar ta ranar Juma'a har faɗuwar rana. Shi ne na uku cikin wuridan da ke kan wanda ya karɓi ɗariƙar Shehu Ahmadu Tijjani (ya rasu a Fas ta ƙasar Maroko, 1815), bayan lazimi (wuridin safe da yamma) da wazifa (wuridin kullum da akan yi cikin jama'a). A Bauchi da Gombe ana yin sa a zawiyoyi da masallatan unguwa, kuma almajiran Shehu Ɗahiru Usman Bauchi, haifaffen Nafaɗa, sun ƙara yaɗa shi.

Sharaɗinsa na farko tsarki ne: alwala, tufafi masu tsabta, wuri mai tsabta. 'Yan'uwa kan zauna da'ira ko sahu-sahu, gwiwa na taɓa gwiwa, zama irin na tahiya ga wanda zai iya. Muƙaddami, wato mai izinin ba da ɗariƙa, ya buɗe da Fatiha, istigfari da Salatil Fatihi, sannan a shiga hailala. Mai yi shi kaɗai yakan ja daga 1,000 zuwa 1,600 da carbi. Cikin jama'a kuwa lokaci ake bi.

A nan jiki ke shiga aikin. Ana farawa a hankali, murya ƙasa-ƙasa, ƙirji na rangaji gaba da baya daidai da kalmar, numfashi ɗaya na ɗaukar ta cikakkiya. Idan zama ya yi zama sai ka ji tela da ɗan kasuwa da malamin makaranta sun koma murya guda. Tarbiyyar kenan: namijin da ya saba a bi shi a gida ko a shago, a nan dole ya bi sahu, ya rage muryarsa, ya danne gajiya da ƙaiƙayin tashi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa. Sauri na cinye maddar "la", ko numfashi ya yanke kafin "illallah", a tsaya kan korewa ("babu abin bauta") ba a kai ga tabbatarwa ("sai Allah") ba. Wani kuskuren kuma shi ne fara shi da wuri, mutane su gaji su watse rana ba ta faɗi ba. Wanda lokacin ya kuɓuce masa ba ya ramawa, saɓanin lazimi da wazifa.

Malaman Izala na ɗaukar wannan tsari bidi'a. 'Yan ɗariƙa kuma na kafa hujja da falalar ƙarshen yinin Juma'a, sa'ar da ake fatan karɓar addu'a.