Tsohon keke mai tsatsa: tambayoyin da ba sa ƙarewa

A Kaduna, daga Rigasa har Kawo tambayoyin iri ɗaya ne, kullum sai an maimaita. Ga amsoshin wuri guda.

Wane fenti ya fi dacewa da tsohon keke?

Wanda ka ga dama. Fenti aikin ƙarshe ne, amma kowa da shi yake fara tambaya. Kifa keken ka duba ƙarƙashinsa tukuna.

Me zan duba a ƙarƙashin?

Wuraren da ruwa ke kwanciya: ƙasan gidan feda, da siraran bututun nan biyu da suka tafi wajen tayar baya, da saman fok, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Ka goge da buroshin ƙarfe, ka danna da bakin sukudireba. In ƙarfe ya fito fari da ƙarfinsa, tsatsar sama ce, ba komai. In ya lotsa ko ya huje, daga ciki ta cinye shi. Sannan ka shafa ƙasan bututun da ke bayan wuya. Idan ka ji tudu, ko ka ga fentin wurin ya tattare, keken ya taɓa yin karo. Fok ɗin da ya lanƙwashe baya canja shi ake yi, ba a miƙewa a hau.

In ya huje, ba sai a kai wa mai walda ba?

Wane mai walda? Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix da tagulla aka haɗa gaɓoɓinsu, kaurin bututun kuma bai wuce milimita 1 da 'yan kai ba. Waldar lantarki irin ta ƙofar gida tana taɓa shi za ta ɓula shi. Ka je Panteka ka nemi mai waldar gas da ya saba aikin tagulla. Kariya da abin jingina keke, waɗannan kowace walda ta yi.

An ce ruwan batir yana cire tsatsa nan take.

Yana cirewa, ya haɗa da ƙarfen da fatar hannunka. Kada ka kuskura. Ƙananan kaya, noti da ƙusoshi da sandunan birki, ka jiƙa su cikin ruwan tsamiya mai kauri ko ruwan kal su kwana, ka goge, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka busar, ka shafa mai a take. In ka bar su haka, kafin la'asar sun sake yin ja. Kan keke da rim masu ƙyalli kuwa ban da samfefa. Ka duƙunƙune takardar aluminiyam, ka tsoma a ruwa, ka riƙa gogawa.

Sarƙar fa?

Sayi sabuwa. In ka nace, auna: gaɓoɓi 24, wato daga fil na farko zuwa na 25, ya kamata su ba ka inci 12 cif. In sun zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta mutu, ta kuma ci haƙoran firwil, wato faifan da sarƙa ke ja a tayar baya, sai a canja su tare.

Oga, sandar sirdi ta ƙi motsi ko kaɗan. Yaya zan yi?

To, wannan ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, kuma nan ne aka fi kashe keke mai lafiya. Fara da maganaɗisu. In ya kama sandar, ƙarfe ce, tsatsa ce ta haɗa su, akwai kyakkyawan fata. In bai kama ba, aluminiyam ce, abin da ya liƙe ta wani farin gari ne da mai ba ya narkarwa, aikin ya fi wuya.

Cire ƙusar da ke matse sandar gaba ɗaya, ka ɗan buɗa kunnuwan da ƙusar ke matsewa da sukudireba, kaɗan kawai, don suna karyewa. Ka gauraya kananzir da man inji rabi da rabi, ka riƙa ɗigawa a bakin safe da yamma, kwana uku zuwa mako. In ka riga ka kwance gidan feda kuma akwai ƙofa ta ciki, ya fi kyau ka kifa keken ka zuba ta can, man ya kwanta a kan tsatsar. Bayan haka ka ɗaura tsohon sirdin da ba ka jin asararsa, ka murɗa dama da hagu. Murɗawa, ba ja ba. In ta yi ƙara ta ɗan motsa, an gama, saura haƙuri da ƙarin mai.

In ta ƙi, a matse sandar a bais, mutum biyu su riƙe firam ɗin su juya shi. Wannan yakan yi aiki, amma ba kullum ba, kuma in aka sa ƙarfin tsiya firam ɗin ne zai murɗe. Wasu na buga ta da guduma ta nutse kaɗan don tsatsar ta saki. Wani lokaci yana yi, wani lokaci kuma ta shige ciki ka rasa wurin kamawa, garin neman gira a rasa ido. Zafi ma da sharaɗi. In ƙarfe ce, tafasasshen ruwa a jikin bututun yana taimakawa. In aluminiyam ce, zafi ya fi kumbura ta fiye da ƙarfen, kusan ninki biyu, don haka ƙanƙara za ka sa mata. Wutar gas kusa da mahaɗa tana iya taɓa tagullar, a bar wa wanda ya san hannunsa.

Dabara ta ƙarshe: a yanke sandar a bar kamar santimita 2 a waje, a zura ruwan zarto a tsaga ta a tsaye daga ciki, a hankali kada a ci bututun, sannan a naɗe ta da filaya a zaro. Yini guda yake ci. Masu cewa a zuba sodar sabulu ta narkar da aluminiyam ba ƙarya suke ba, amma tana tafasa, tana fid da iska mai kama wuta, ɗigo ɗaya a ido ya isa. Ban ba ka wannan shawarar ba. Kuma in tsayin sirdin ya yi maka daidai yadda yake, ƙyale ta, ba abin kunya ba ne. Sabuwar sanda kuwa a shafe ta da giris, a nutsa aƙalla santimita 7.

Na sayo taya mai lamba 28 ta ƙi shiga.

Don 28 iri biyu ce. Duba ƙaramar lambar da ke gefen tsohuwar tayar. Babban keke mai birkin sanda 635 yake ɗauka, ɗayar 622 ce. Haka 26: akwai 590, akwai 559. Ka riƙa tafiya kasuwa da tsohuwar a hannu.

Feda ta hagu ta ƙi kwancewa.

Kana ƙara ɗaure ta ne. Zaren ta na hagu ne, juya ta ɗaya gefen. Sifana 15.

Boris nawa ake sawa?

Yawanci 11 kowane gefe a gidan feda, 9 a cibiyar baya, duka masu rubu'in inci. 10 ƙanana a cibiyar gaba. Kwance a kan tsumma, ka ƙirga naka. Giris ake sawa, ba baƙin mai ba. In Raleigh ce ta ainihi 'yar Nottingham, kada ka jefar da kwanukan gidan fedarta: zarenta 26 ne a inci, na kasuwa galibi 24, in aka tura da ƙarfi an lalata gidan. Kota kuma, wato ƙusar da ke riƙe hannun feda, da guduma ake zaunar da ita, bayan an tokare hannun fedar da bututu daga ƙasa. Noti riƙewa kawai yake yi.

Yanzu zan iya yin fentin?

Yanzu ka iya. Samfefa 80, sai 240, sai 400. Goge da tina, kada ka ƙara taɓawa da hannu. Jar firaima shafi biyu, launi shafi uku marasa kauri, a fesa daga tazarar taƙi ɗaya, minti 15 tsakani. Toshe duk inda zare yake da takarda. Ƙurar hunturu da laimar Agusta duk abokan gaba ne, don haka a yi da safe a rumfa, a yayyafa wa ƙasa ruwa. A bar shi mako guda kafin a ɗaura komai. Kwalliyar tuntu da madubi da naɗin roba, yi son ranka, amma roba tana riƙe ruwan damina, kada ka naɗa a kan ƙarfen da ba fenti.

Zan iya sa masa giya, ko ƙaramin inji?

Giya mai jerin faifan haƙora ba ta da wurin zama a tsakanin ƙafafun bayansa. In nauyin tuƙi ne ya dame ka, cire firwil mai haƙori 18 ka sa mai 20 ko 22, ka ƙara tsawon sarƙa. Inji kuwa a'a. Birkin sanda a kan jiƙaƙƙen rim da kyar yake tsai da kai da buhun masara.