Jari wuri biyu, riba a dunƙule: yadda za ku warware lissafin

A zagayen da nake yi wajen ƙungiyoyin manoma, ba abin da ke damuna kamar littafin ma'aji. Sai ka buɗe ka tarar an rubuta jimlar jari da jimlar riba, shi ke nan. Nawa aka zuba nan, nawa aka zuba can? Sai a yi ta kallon-kallo. Daga nan zargi ke somawa, alhali biro da takarda sun isa su raba gardamar.

A ce ƙungiya ta raba jarin 500,000 gida biyu. Harka ta farko tana kawo ribar kashi 6 cikin 100 a shekara, ta biyu kashi 10. Shekara ta zagayo, riba ta kama 38,000.

Abu biyu ne a ɓoye, don haka bayani biyu muke buƙata, ɗaya ba zai wadatar ba. Mu kira kuɗin harka ta farko x, na ta biyu y. Bayanin jari: x + y = 500,000. Bayanin riba: 0.06x + 0.10y = 38,000.

Kada haruffan nan su razana ku, 'yan uwa, suna kawai muka raɗa wa abin da muke nema. Ku ninka bayanin jari da 0.06, ya koma 0.06x + 0.06y = 30,000. Ma'anarsa, da duk jarin a harka ta farko aka zuba, 30,000 za a samu. To ina rarar 8,000 ta fito? Daga bambancin kashi 4 da ke tsakanin harkokin biyu. Ku ɗebe wannan sabon bayani daga na riba, x ya fita, a bar ku da 0.04y = 8,000. Ku raba 8,000 da 0.04, y ya zama 200,000, ragowar 300,000 kuwa shi ne x.

Kafin ku rufe littafi ku gwada amsar: kashi 6 na 300,000 shi ne 18,000, kashi 10 na 200,000 shi ne 20,000. A haɗe 38,000 cif.

Wajen da na fi so ku riƙe shi ne nan. Idan wani ya yi muku alkawarin ribar 55,000 a kan wannan jari da waɗannan harkoki biyu, ku bi matakan nan. Za ku ga y ya kai 625,000, ya zarce duk abin da kuka mallaka, x kuma ya faɗi ƙasa da sifili. Ko duk kuɗin aka juye a harka ta biyu, 50,000 ce iyaka. Kada ma'aji ya sa hannu, kada a fitar da kuɗi, sai mai alkawarin ya zauna gaban 'yan ƙungiya ya nuna a rubuce inda ƙarin 5,000 ɗin zai fito.