Ƙibar bijimi ba ita ce kyawun iri ba

An daɗe ana cewa bijimin da ya fi ƙiba a kara shi ne ya dace a saya don barbara. Ba laifin masu faɗa ba ne, ido ƙiba yake fara gani.

Sai dai mafi yawan ƙibar nan aikin dusa da harawa da angurya ne. Bijimin da aka turke wata 3 zai cika ido, amma ɗansa ba dusar zai gada ba. Kitse mai yawa ma yakan taru a jakar maraina ya rage ƙarfin maniyyi, dabbar kuma ta yi nauyin hawa.

Abin da ake gado shi ne ƙira da saurin girma da juriya. Cikin ire-iren shanu, Bunaji da Rahaji sun san doguwar tafiyar rani, Bokoloji na da nama, Muturu kuwa duk ƙanƙantarsa yana jure cutar sammore inda tsando ya yi yawa.

A ganina kara ba wurin zaɓen iri ba ne. Je rugar makiyayin da aka shaida amanarsa, a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare, ka ga uwar bijimin da 'yan'uwansa. Ka tambaya ko shanun garken na yawan ɓari, domin bakkale, cutar da ke sa ɓari, kan shigo garke tare da sabuwar dabba. Ka duba haƙora don sanin shekaru, ka kalli tafiyarsa, maraina su kasance daidai babu kumburi. Likitan dabbobi na iya gwada jini kafin a biya kuɗi.

A tura wa masu kiwo wannan bayani.