Ma'anar sakaya suna a fagen rubutu, da yadda matan Ingila suka yi aiki da shi a farkon ƙarni na 18

Duk mai sauraren labarai ya saba jin an ce wani jami'i ya nemi a sakaya sunansa, wato ya yarda a ɗauki maganarsa amma bai yarda a nuna shi ba. A fagen rubutu ma haka abin yake: sakaya suna shi ne a fitar da littafi ko waƙa ko maƙala ga jama'a ba tare da an bayyana wanda ya rubuta ba. Ya bambanta da sunan aro, inda marubuci yake ƙirƙirar wani suna ya laƙaba wa kansa, kuma ya bambanta da tatsuniya ko karin magana waɗanda sunan mai su ya ɓace saboda daɗewa, domin shi sakaya suna da niyya ake yin sa. Wanda ya yi niyyar da dalilin da ya sa aka yi ta su ne abin dubawa, kuma rubutun matan Ingila na farkon ƙarni na 18 ya nuna dalilan ba ɗaya ba ne.

A shekarar 1695 dokar da ta wajabta neman izinin hukuma kafin a buga littafi ta daina aiki a Ingila, sai maɗaba'u suka yawaita, jaridu da ƙananan takardun muhawara suka cika Landan. Amma hukuncin ɓata suna da na tunzura jama'a yana nan daram, shi ya sa a 1703 aka ɗaure marubuci Daniel Defoe a turu a bainar jama'a saboda wata takarda da ya fitar ba suna, aka kuma gano shi. Saboda haka maza ma sun yi ta sakaya suna, har manyan littattafan Defoe da na Jonathan Swift ba da sunayensu suka fara fitowa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 1710 ba ta sauya wannan al'ada ba, tun da galibin marubuta sayar da rubutunsu suke yi gaba ɗaya ga mai kantin littattafai, shi ne kuma yake yanke abin da za a sa a shafin farko.

Abin da ya ƙaru a kan mace shi ne mutunci. A wancan zamani ana ganin zubar da daraja ne mace, musamman 'yar babban gida, ta kai tunaninta kasuwa a saya da kuɗi, saboda haka da yawa sukan bar waƙoƙinsu a rubutun hannu suna zagayawa tsakanin dangi da aminai. Anne Finch ta daɗe tana haka da sunan aro na Ardelia, kuma da tarin waƙoƙinta ya fito a 1713, abin da aka fara rubutawa a shafin farko shi ne wata mace ce ta rubuta. Wannan rabin ɓoyo ne: an rufe suna, an buɗe jinsi. Mary Astell ma haka ta yi a 1694 lokacin da ta ba da shawarar a kafa wa mata wata cibiya ta ilimi da ibada, inda ta kira kanta mai ƙaunar 'yan uwanta mata kawai. Bayanin nan yana da amfani ga mai kanti, domin yana jawo masu karatu mata, kuma babu abin da zai hana namiji ya fake da shi.

Wasu kuwa jinsin ne ma suke son ɓoyewa, kuma wannan ne ya fi taɓa mini zuciya. A 1702 Catharine Trotter ta rubuta littafi tana kare ra'ayoyin masanin falsafa John Locke daga masu sukarsa, ba ta sa suna ba, domin tana tsoron da zarar an san mace ce za a yi watsi da hujjar tun kafin a karanta ta. Locke ya bincika har ya gano ta, ya aika mata da wasiƙar godiya da kyautar littattafai. Astell, a gabatarwar da ta ƙara wa littafinta kan aure a bugun 1706, ta bayyana cewa babban kuskure ne a dubi mai magana a bar abin da ya faɗa.

Labarin Lady Mary Wortley Montagu ya fi fito da wannan fili. Mijinta ya yi jakadan Ingila a Istanbul, inda ta ga tsofaffin mata suna yin rigakafin agana: a ɗan tsaga fata da allura, a sa ɗigon ruwan ƙurjin wanda cutar ta yi wa sauƙi, mutum ya yi gajeren zazzaɓi ya warke. Ita kanta agana ta kama ta ta bar mata tabo a fuska, ta kuma kashe ƙaninta. Ta sa aka yi wa ɗanta a Istanbul a 1718, aka yi wa 'yarta a Landan a 1721. To amma da ta tashi kare wannan hanya a jarida a 1722, tana sukar likitocin da suke yin yanka mai zurfi suna galabaitar da mutane, sai ta sa hannu a matsayin wani ɗan kasuwa mai fatauci zuwa Turkiyya. Matar da ta gani da idonta, ta kuma sa 'ya'yanta a gaba, sai da ta ari rigar wani namiji da babu shi kafin ta sa ran a saurare ta. A ganina wannan zalunci ne, ko da ita ce ta zaɓi yin hakan.

Akwai kuma ɓoyo na tsoron hukuma. A 1709 Delarivier Manley ta fitar da New Atalantis, labarin wani tsibiri na ƙage wanda a cikinsa ta tona asirin manyan jam'iyyar Whig, har da Sarah Churchill, matar babban kwamandan sojan ƙasar, duk a ƙarƙashin sunayen ƙarya. An kuma riƙa sayar da wata 'yar takarda daban da ke fayyace wane ne wane. A watan Oktoba na shekarar aka kama ta tare da waɗanda suka buga littafin. Ta dage cewa labari ne kawai ta ƙaga, kuma tun da duk wanda ya kai ƙara sai ya fara amsa cewa shi ne a cikin labarin, aka sallame ta a watan Fabrairu 1710. Wannan ya nuna labulen ba mai kauri ba ne. Landan ta san marubuciyar, abin da rashin sunan ya ba ta shi ne damar musantawa a gaban shari'a.

Wani lokaci kuma ba a ma tambayi matar ba. Susanna Centlivre, marubuciyar wasan kwaikwayo, ta koka a rubuce cewa an buga wani wasanta a 1703 da haruffan farko na wani suna da ba nata ba, don a ɗauka namiji ne ya rubuta, kada ciniki ya lalace. Ita kuwa Lady Mary akasin haka ta gamu da shi a 1716, lokacin da wani mai kantin littattafai, Edmund Curll, ya samu wasu waƙoƙi da ke yawo a rubutun hannu ya buga su ba izini, yana habaici cewa wata mace mai matsayi ce ta yi su. Ɗaya an cire mata suna tana so a sa, ɗaya an nuna ta da yatsa tana so a rufe, kuma a duka biyun mai kanti ne ya yanke.

Illar da ta fi daɗewa ita ce ta tarihi. Idan waɗanda suka san sirrin suka mutu, sai littafi ya zama maraya, ko a jingina shi ga wanda ba shi ya yi ba. Wani littafi na kare mata da ya fito a 1696 an daɗe ana cewa na Astell ne, daga baya masana suka mayar da shi ga Judith Drake. Masu bincike sukan bi wasiƙu, da tallace-tallacen jaridu, da takardun kotu, da sunayen da masu karatu na lokacin suka rubuta da hannu a gefen shafi, amma ba kullum ake dacewa ba. Jaridar Female Tatler, wadda ta fito a 1709 zuwa 1710 da muryar wata Misis Crackenthorpe, har yau masana ba su daidaita kan wanda ya rubuta ta ba, ba su ma daidaita kan ko mace ce ko namiji ba.