Kabon ɗin nan da ake ta ambato: gawayi ne ko iska?

Tun da batun sauyin yanayi ya cika kafafen yaɗa labarai, kalmar kabon ta zama ruwan dare. A rage kabon, a sayar da kabon, a kama kabon. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cakuɗa abubuwa biyu a suna ɗaya. Kabon sinadari ne, shi ne jikin gawayi da bakin fensir da lu'ulu'u. Abin da masu jawabi ke nufi kuwa iska ce, kabon dayoksaid. Bambancin ba na wasa ba ne: kilo 1 na kabon in ya ƙone yana ba da kusan kilo 3.7 na iskar. Duk wanda ya ce tan miliyan kaza na kabon bai fayyace wanne ba, lissafinsa na iya kaucewa kusan ninki huɗu.

Inda ruɗanin ya fi fitowa fili shi ne wata fasahar sanyaya wuri da ake bincike a kanta, inda kabon, wato gawayi, ke kama kabon dayoksaid. Mai sauraro sai ya ɗauka an ƙera firjin da ke share sararin samaniya. Ko kusa. Iskar a kulle take cikin bututu, tana kai-komo, ba a ɗebo ko kaɗan daga waje.

Gawayin ma ba na murhu ba ne. Ana ƙona ɓawon kwakwa ko itace ko kwal, sannan a ratsa shi da tururi a zafin digiri 800 zuwa 1,000, ko a jiƙa shi da sinadari kafin a gasa. Sai ya fito da ramuka birjik, mafi yawansu faɗinsu bai kai nanomita 2 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Da za a shimfiɗa bangon ramukan giram 1, zai kai murabba'in mita 1,000. Samfurin Maxsorb III na Japan, wanda masana a Jami'ar Kyushu suka yi ta gwadawa, ya kai wajen 3,000. A nan ma ana yawan cewa gawayin yana shanye iskar kamar yadda soso ke shan ruwa, alhali dafewa take yi a bangon ramin, riƙon kuma sako-sako ne. Wannan rashin ƙarfin riƙo shi ne sirrin na'urar. In gawayin ya yi sanyi sai ya janyo iskar daga inda take a ruwa-ruwa, ruwan ya riƙa ƙafewa yana kwashe zafin wurin, sanyi ya samu. In ya cika, sai a ɗumama shi da ruwan zafin da bai kai digiri 100 ba, daga rana ko daga zafin da injin masana'anta ke zubarwa a banza. Ya sako iskar da matsi, ta huce ta koma ruwa-ruwa. Ana haɗa tukwanen gawayi biyu, wannan na kamawa wancan na saki. Gawayin ne ke aikin kwamfuresa, injin nan na firji mai matsa iska, mai cin wuta.

Me ya sa aka zaɓi iskar da ake zargi da ɗumama duniya? Domin na firjin yau sun fi ta illa nesa ba kusa ba. Kilo 1 na R134a, ɗaya daga cikin iskar da ake ɗura wa firji, in ya tsiyaye daidai yake da kilo 1,430 na kabon dayoksaid wajen ɗumama duniya, shi ya sa yarjejeniyar Kigali ta 2016 ta tanadi rage irinsa. Iskar kabon dayoksaid kuwa ba ta kama wuta, ba ta taɓa lemar ozon.

Sai dai ni dai ina ganin ana yi wa fasahar kirari fiye da kima. Sanyin da take bayarwa bai kai zafin da aka ba ta ba, gawayi kuma ba ya saurin ɗaukar zafi ko sakinsa. Matsin cikin na'urar yana haura ninki 60 na matsin iskar da muke shaƙa, dole sai bututu mai kauri. Babbar matsalar ma, da zarar zafi ya wuce digiri 31, kabon dayoksaid ba ya komawa ruwa-ruwa ko da wane irin matsi, kuma ƙasashen da suka fi bukatar sanyin kusan kullum a saman wannan adadi suke wuni.