Kore ya kama, amma mai juyawa hagu shi ne zai jira

Rigimar da ta fi wuyar rabuwa a bakin danja ita ce ta direbobi biyu da suka yi karo, kowannensu yana rantsuwa kore ya gani. Sau da yawa kuma duka gaskiya suke faɗa. A mahaɗar da fitila ke sakin ɓangarori biyu masu fuskantar juna a lokaci guda, da na gabas da na yamma duk kore ne a gabansu. Sai dai in ɗaya miƙewa zai yi, ɗaya kuma hagu zai karya, ƙa'idar hanya ta ce mai karyawa hagu ne zai dakata.

Dalilin yana cikin hannun da muke bi. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama, don ta dace da maƙwabta irin su Nijar. Shi ya sa direban da ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ya tashi daga Daura ta Kongolam zuwa Damagaram, ba ya sauya hannu a kan iyaka. To mai tafiya a dama, in dama zai juya, bai shiga layin kowa ba. In hagu ne kuwa, tilas ya gitta gaban motocin da ke tahowa, kuma layin nasu ne.

Saboda haka tun kafin ka iso mahaɗar ka kunna sigina, ka koma layin da ya fi kusa da tsakiyar titi. Wannan ɗabi'a ta wasu 'yan acaba da masu Keke Napep a cikin garin Katsina, ta tsayawa can gefen dama sannan a yanko hagu ta gaban kowa da zarar kore ya kama, ita ce ke jawo ƙarar birki da zage-zage. Kore ya kama, ka matsa gaba kaɗan, ka tsaya da tayoyinka a miƙe. Kada ka murza sitiyari tukuna, domin in wani ya daki bayanka tayoyi na karkace, cikin masu tahowa zai cilla ka. Sai ka ga sarari na gaske, ba wanda hon ɗin na baya ya tilasta maka ba, sannan ka juya. Ka kuma duba titin da za ka shiga: in almajiri ko mai tallar goro ya riga ya fara tsallakawa, shi ma a jira shi.

Koriyar kibiya mai nuna hagu daban take. In ita ta kama, an tsayar da masu fuskantarka da ja, hanya taka ce. Ruwan ɗorawa kuwa cewa yake a tsaya, sai fa wanda ya yi kusan da taka birki zai zama haɗari.

Ƙetare ja laifi ne da jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988, ke cin tara a kai, ga kuma KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Katsina. In akwai jami'i tsaye yana ba da hannu, umarninsa ake bi ko da fitila ta nuna wani abu dabam. In danjar ta mutu kuma ba mai ba da hannu, mai juyawa hagu dai shi ne zai bari masu miƙewa su wuce.